Kafin a Fara Tseren Formula 1, a Bambanta Fentin Mota da Ƙirarta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina neman ɗan fili domin in yi tsokaci a kan yadda ake kawo labarin gasar tseren motoci ta Formula 1 a watannin Janairu da Fabrairu, lokacin da kowace ƙungiya take tara 'yan jarida ta yaye mayafi daga kan sabuwar motarta. Abin da aka saba bugawa a shafukan wasanni shi ne hoton mota tana sheƙi, da sunan kamfanin da ya sa hannu a sabuwar yarjejeniyar talla, da maganar shugaban ƙungiya cewa bana sai su. A ganina ya kamata a riƙa sanar da mai karatu cewa mafi yawan abin da ake nunawa a irin wannan biki fenti ne da tambura, ƙirar da za ta ci tsere ko ta sha ƙasa kuwa tana ɓoye har sai an fita filin gwaji.

Wannan bambanci ya fi muhimmanci a kakar 2026, domin hukumar FIA, mai kula da gasar, ta sauya dokokin injin da na gangar mota a lokaci guda. An cire na'urar da take samar da lantarki daga zafin hayaƙin injin, an ɗaga ƙarfin ɓangaren lantarki daga kilowat 120 zuwa 350, ta yadda kusan rabin ƙarfin mota zai riƙa fitowa daga batir, kuma dole man da za a sha ya kasance ba na haƙowa daga ƙasa ba. An rage faɗin mota da santimita 10, an rage tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya da santimita 20, an kuma rage nauyi da kimanin kilo 30. Fikafikan gaba da na baya za su riƙa buɗewa a miƙaƙƙiyar hanya su rufe a kwana. Duk ƙungiyar da ta riga sauran gano dabarar cin moriyar waɗannan dokoki tana iya shafe shekaru tana gaba, don haka babu injiniyan da zai yarda ya shimfiɗa aikinsa a gaban kyamara tun ana saura makonni a fara, abokan hamayya su kwafa.

An ga haka ƙarara a 2022, lokacin da aka yi babban sauyin dokoki na baya. Red Bull ta kira biki ta nuna wata motar nuni da aka shafa wa fentinta da tambarin Oracle, ainihin motar kuwa sai a gwajin Basalona aka gan ta, kuma ita ce ta ci tsere 17 cikin 22 na wannan shekara. Mercedes ta nuna mota mai siffa ɗaya a bikinta, sannan ta isa gwajin Bahrain da wata mai matsattsen gefe wadda ta sa kowa ya riƙe baki, amma da aka fara gasa sai motar ta riƙa tsalle a kan hanya tana jijjiga direbobinta, ta ƙare kakar da nasara ɗaya tak, a Brazil. Sirrin motocin wancan zamani yana ƙarƙashinsu, inda ake sarrafa iska ta danne mota a ƙasa. Shi ya sa a Monako a 2023, da Sergio Perez, direban Red Bull, ya yi karo aka ɗaga motarsa sama da ƙugiya domin a fitar da ita daga hanya, masu ɗaukar hoto suka yi caa a kan cikinta, kuma waɗannan hotuna sun fi duk hotunan bikin ƙaddamarwa amfani ga injiniyoyin sauran ƙungiyoyi.

To, idan ba a nuna ƙira, don wa ake yin bikin? Don masu ɗaukar nauyi ake yin sa. A Fabrairun 2025 an tara ƙungiyoyi goma a zauren O2 na Landan domin cikar gasar shekara 75, aka yi kiɗa da walƙiyar fitilu, kuma tun farko an faɗa cewa fenti kawai za a nuna. A 2026 Red Bull ta kai bikinta Detroit, garin Ford, sabon abokin aikinta a harkar injin, ita kuwa Cadillac, wadda ta shigo a matsayin ƙungiya ta goma sha ɗaya, ta zaɓi ta nuna launinta a cikin talla lokacin wasan Super Bowl na Amurka. Ko sunayen ƙungiyoyin kansu sun zama allon talla: HP a jikin Ferrari, Petronas a jikin Mercedes tun 2010, Aramco a Aston Martin, Atlassian a Williams, Mastercard a McLaren, Revolut a Audi. A da can motoci launin ƙasashensu suke ɗauka, kore na Birtaniya, ja na Italiya, shuɗi na Faransa, har zuwa 1968 da Lotus ta fito da launin kwalin sigarin Gold Leaf. Daga nan kamfanonin taba suka riƙe gasar kusan shekara arba'in, kafin dokokin Turai su kore su a tsakiyar shekarun 2000.

Ba na ganin laifin ƙungiyoyin a kan wannan, domin tsere yana cin kuɗi kuma dole wani ya biya. Wani abin dariya ma shi ne fenti kansa yana da nauyi, kuma daga 2022, da motoci suka yi ƙiba, injiniyoyi suka shiga kankare shi suna barin baƙin jikin kabon a fili domin su rage 'yan giram, har motoci da yawa suka koma kama da juna a talabijin. Sai da aka amince da ƙa'idar cewa daga 2026 aƙalla kashi 55 cikin ɗari na jikin mota ya kasance da fenti ko sitika. Wato abin da mai talla yake so a gani da abin da injiniya yake so a rage sun yi karo, har hukuma ta shiga tsakani.

Kuskuren da na fi so a kauce masa shi ne ɗaukar girman yarjejeniya a matsayin alamar gudun mota. Tun 2021 akwai iyakar abin da ƙungiya za ta kashe a kan ƙera mota da gudanar da ita a shekara, wadda ta fara da dala miliyan 145, ta sauka zuwa 135 a 2023, sannan aka mayar da ita 215 a 2026 saboda an shigar da wasu abubuwan da a da ba a lissafa su. Albashin direbobi da na manyan jami'ai uku da kuɗin talla ba sa cikin wannan lissafi. Ke nan idan babbar ƙungiya, wadda dama tana kashewa har iyaka, ta samu sabon mai ɗaukar nauyi, ƙarin kuɗin zai tafi ne ga albashin fitaccen direba ko ribar masu hannun jari, ba zai ƙara wa fiffike komai ba. Da Red Bull ta ɗan haura iyakar a 2021, an ci ta tarar dala miliyan 7, aka kuma rage mata kashi 10 cikin ɗari na lokacin gwada yadda iska take bin jikin mota, kuma masana harkar sun ɗauki hukuncin na biyu a matsayin wanda ya fi ciwo. Ƙananan ƙungiyoyi da ba sa iya kaiwa iyakar su ne sabon kuɗi yake canza wa rayuwa. Wanda yake shakka ya tuna Brawn GP a 2009, wadda ta taso daga ragowar ƙungiyar Honda ta zo gwaji da farar mota kusan babu tambari a jikinta, amma saboda wata dabara a ƙarƙashin bayan motar, direbanta Jenson Button ya ci shida daga cikin tsere bakwai na farko, ƙungiyar ta ɗauki kofuna biyu, na direbobi da na ƙungiyoyi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Akwai kuma tambayar ko wane ne mai tambarin, wadda ta kamata ɗan jarida ya yi kafin ya buga sanarwar da aka aiko masa. Haas ta fito da launin baƙi da zinare na Rich Energy a 2019, a watan Satumba aka rabu baram-baram. Ta ɗauki Uralkali na Rasha a 2021, ta sallame shi tare da direba Nikita Mazepin a Maris na 2022 bayan mamayar Yukren. Kamfanin kuɗin kirifto na FTX yana jikin Mercedes lokacin da ya durƙushe a Nuwamban 2022, aka yi gaggawar cire sunansa. Mu ma muna da namu labarin, domin a 1999 Malik Ado Ibrahim, ɗan Najeriya, ya sayi hannun jari a ƙungiyar Arrows aka liƙa tambarin T-Minus a motar, haɗin gwiwar kuma bai wuce wannan shekara ba. Sai kuma Sauber, wadda ta yi kakar 2024 da 2025 da sunan kamfanin caca na Stake, tana sauya shi da Kick a ƙasashen da suka hana tallan caca. Idan wasu gwamnatoci sun ga dacewar a rufe sunan a kan titunansu, jaridar da matasanmu suke karantawa ma tana da damar ta yi tunani kafin ta buga hoton da ɗan caca ya biya domin a yaɗa masa.

Roƙona, Malam Edita, shi ne idan za a buga hoton sabuwar mota a rubuta a ƙasansa ko ainihin motar ce ko ta nuni, idan kuma an kawo adadin kuɗin wata yarjejeniya a bayyana cewa ƙiyasin manema labarai ne, tun da ƙungiyoyi ba su cika faɗar adadin da bakinsu ba. Haka nan a yi hattara da lokutan da ake samu a gwajin Bahrain, domin babu wanda ya san yawan man da ke cikin tankin kowa, kuma ƙungiyar da take neman mai ɗaukar nauyi tana iya fita da ɗan mai kaɗan ta hau saman jadawali na yini ɗaya. Zagayen neman gurbin tashi na ranar Asabar a Melbourne, wurin tseren farko na kakar 2026, shi ne karo na farko da dukkan motoci 22 za su fita da tanki mara nauyi a lokaci ɗaya, kuma sakamakonsa nake fatan ganin an ba shi babban kanu a shafinku.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Mai karatu daga Kaduna