Abin da na ci ranar Sallah a New York

Assalamu alaikum Umma da Abba,

Barkanmu da shan ruwa, barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. A gaishe mini da Yaya da iyalinsa, da Gwaggo, da Auta.

Umma, kin ce in faɗa miki gaskiya, me na ci yau. To ga ta. Muna saukowa daga Idi a Bronx aiki ya kira ni Manhattan, ko tuwon da matan 'yan uwa suka yi ban tsaya ci ba. Azahar ta yi, ga yunwa ga sanyi, sai na tsinci kaina a titin Houston, gaban wani tsohon shago mai suna Yonah Schimmel. Abin da suke gasawa sunansa knish, ana furta shi "kinish".

Dankalin turawa ne, irin wanda ake kawo mana daga Jos. A dafa shi, a dame shi da soyayyiyar albasa da gishiri da masoro, a naɗe a kwaɓin fulawa mai laushi, a gasa. Girmansa ya kai dunƙulen hannun Abba. Da aka miƙo mini, sai da na riƙe shi da hannu biyu na ji ɗuminsa kafin na kai baki. Ku kwantar da hankalinku, shagon na Yahudawa ne, addininsu ya hana cin alade, kuma ko nama ba a sayarwa a wurin.

Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta turo mini mustad, wani abin dangwale ruwan ɗorawa mai ɗan yaji da tsami, ta ce haka ake cin sa. Ta ce kakarta ce ke yi musu a gida, duk sanda kewarta ta taso sai ta zo nan. Umma, ban iya ce mata komai ba, domin a lokacin ƙamshin albasarki ta miyar Sallah nake ji.

Mutanen nan ma baƙi ne kamar mu. Daga 1880 zuwa 1924 Yahudawa wajen miliyan 2 suka baro gabashin Turai zuwa Amurka, suna gudun talauci da kisan gilla. Da yawansu a wannan unguwa ta Lower East Side suka cunkushe, suna ɗinki a masana'antu daga safe har dare. Kinish ga araha ga riƙe ciki, shi ya sa ya zama abincin mai aiki. Shi kansa Schimmel, wanda shagon ke ɗauke da sunansa, daga Romaniya ya zo, da kurar turawa ya fara talla, shagon nan kuma tun 1910 yake wurin. Akwai wani mai kusurwa huɗu da ake soyawa, na kamfanin Gabila's, wanda masu kura ke sayarwa a bakin titi. Ni dai gasasshen ya fi kwanta mini.

Na tura goron Sallah ta hannun Yaya, a raba wa yara, kada a manta da Gwaggo. In an samu mai tahowa, Umma, a ƙullo mini yajinki da daddawa, ina so in barbaɗa yajin a kan kinish in ji. Ku ci gaba da sa mini albarka.

Ɗanku