Abin da ya karya dawakinmu a Giginya

Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in gyara maganar da ake yawan yi, wai tsoro ne ya sa Sakkwato ta faɗi a hannun Turawan Ingila ranar 15 ga Maris, 1903. Makami ne ya raba gardama a Giginya, filin da aka gwabza yaƙin a wajen garin Sakkwato.

Mai bindigar toka a cikin mayaƙanmu sai ya zuba albarushi ta baki, ya cusa tsumma da harsashi, ya danna da sanda, sannan ya ja kunama, dutsen ƙanƙara ya ba da wuta. Da ƙyar gwani ke harbi biyu a minti. Albarushi ya sha raɓa kuwa, ba ya tashi.

Bindigar Maxim ta Turawa tana fitar da harsashi wajen 500 a minti, daga ɗamara mai cin 250. Ƙarfin da harbi ke turo ta baya shi ke ɗora harsashi na gaba. Rauninta zafi, shi ya sa aka kewaye bututunta da ruwa. Ya ƙafe, ta tsaya. Lifidi da sulke maganin kibiya ne, harsashi ratsa su yake yi tun doki bai kai inda mashi zai yi aiki ba.

Malaman tarihi su riƙa koya wa yaranmu wannan.

Naku, mai karatu daga Sakkwato.