A kawo maganin taɓin hankali kusa da masu buƙata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili mu yi magana kan masu lalurar ƙwaƙwalwa a jahar Tawa, musamman waɗanda tashin hankali ya raba da gidajensu a Tiliya da Tasara, da ƴan gudun hijirar da suka ƙetaro daga Najeriya zuwa Bangi da Madawa. Wanda aka kashe masa ɗa a gabansa yakan zo likita da kukan ciwon kai, rashin barci da faɗuwar gaba. A ba shi farasitamol ya tafi, bayan mako biyu ya dawo, ba wanda ya tambaye shi abin da idonsa ya gani.

In ciwo ya tsananta sai a ce a kai shi Yamai, tafiyar sama da kilomita 500. Iyalin da ba su da na tuwon dare ina za su samo kuɗin motar mutum uku? Ƙarshenta sai mari a ƙafa, a rufe shi a zaure.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne yankewar magani. Maganin baƙin ciki mai tsanani, irin amitriptyline, ba ya nuna aikinsa sai an yi mako biyu zuwa huɗu, kuma ana ci gaba da sha wata tara zuwa shekara bayan an samu sauƙi. In ba a faɗa wa dangi haka ba, kwana biyar su ce bai karɓe shi ba. Haloperidol, maganin taɓin hankali mai tsanani, kan sa wuya ya sandare, hannu na rawa, miyau na zuba, sai a ɗauka iska ce ta dawo, alhali rage ƙwayar ake yi ko a haɗa da mai warware jiki. Mai farfaɗiya kuwa da ya bar phenobarbital farat ɗaya, faɗuwar da za ta biyo baya tana iya kisa.

Roƙonmu ga hukumomin lafiya: a horar da ma'aikaci ɗaya a kowane CSI, wato ƙaramar likita, bisa mhGAP, jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya kan kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa, a ajiye waɗannan magunguna a wurin, a buɗe kundin marasa lafiya. Wanda ya saɓa ranar dawowarsa da mako guda, a aika wakilin lafiya na gari ya leƙa gidansa. A kuma zauna da malaman ruƙiyya, domin wurinsu ake fara zuwa. Maijegon da ta daina barci tana sambatu kafin suna ko jim kaɗan bayansa, su turo ta likita a ranar, ba sai an yi arba'in ba.

Daga wasu ma'aikatan lafiya,
Tawa