Matasanmu na Legas da sana'ar hannu

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni fili in yi magana kan ƙannenmu da ke zuwa Legas ci-rani. Ni aikin walda nake yi a Agege, kuma abin da nake gani kullum yana ci min rai. Yaro zai sauko daga tirelar shanu ko ta albasa a Mile 12, kafin sati ya zagayo an haɗa shi da mashin ko kurar ruwa ko gadi, shi kenan an gama masa tsarin rayuwa.

To ga shi tun 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Legas ta Sanwo-Olu ta hana okada a Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da Lagos Island da Mainland, daga baya ta ƙara da su Mushin da Oshodi, mashin ɗin da aka kama kuwa niƙe shi ake yi. Na ga wani yaro ɗan garinmu zaune bakin masallaci da makullin mashin a hannu yana jujjuya shi, mashin ɗin na bashi ne ko rabi bai biya ba, wallahi ranar ban iya cin abinci ba.

Alhali aiki na nan birjik. Je ka Lekki ko Ajah ka ga gini, masu sa tayil da POP da yawansu 'yan Togo da Kwatano ne, mu kuma namu suna ɗaukar kwanon kankare a ka, a sallame su da yamma. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 mutane suka koma sola, wanda ya iya wayarin da haɗa inbata wayarsa ba ta hutawa. Haka falamba, haka mai gyaran AC da firiji, balle mai walda da ya ƙware a bututu, irin wanda aka nema da yawa lokacin gina matatar Dangote a Ibeju-Lekki. A 2024 gwamnatin Legas ta sa mafi ƙarancin albashi naira 85,000 a wata, masu gadin gidaje da na sani ko kusa ba sa samu, amma yarona da na yaye bara, get ɗaya da tagogin gida guda in ya haɗa, ladansa ya haura haka. Ba kullum ba ne dai, akwai watan da za ka zauna shiru, ga rashin wuta ga tsadar ƙarfe.

Inda gizo ke saƙar shi ne koyon. Shekara biyu ko uku kana ƙarƙashin oga sai ɗan kuɗin abinci, a gida kuma ana jiran aike, shi ya sa yaro ke gudu ya koma inda zai samu na yau. A nan nake kira ga sarakunan Hausawa da alhazanmu na Alaba Rago da Idi-Araba, kowa ya ɗauki cin yaro ɗaya da makwancinsa har ya iya, a kuma kai shi ya zana tired tes, wato jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, don kamfani sai da takarda. Makarantun fasaha na jiha ma suna nan a Agidingbi da Ikotun da Ikorodu.

Ni dai a shagona akwai gurbin yara biyu, abincin rana a kaina.

Naku,
Wani mai walda, Agege, Legas