Kokenmu kan filin harbin bayan gari, zuwa ga Mai Girma Uban Ƙasa

Zuwa ga Mai Girma Uban Ƙasa,
ta hannun Mai Gari,
ƙasar Anka, Jihar Zamfara.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci da miƙa biyayya, muna fatan kana lafiya kai da iyali da 'yan majalisarka, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka imani da tausayin talakawa, ya taya ka riƙon amanar da Mai Martaba ya ɗora maka, amin summa amin. Mu ne talakawanka na unguwannin bayan gari da rugagen da ke kewaye da filin nan da ake atisayen harbi, manoma da makiyaya da mata da matasa. Mun zauna bayan sallar Juma'a a ƙofar masallaci muka ce a rubuto maka, don uba ake kai wa kuka. In harshenmu ya yi kaifi a wani wuri a gafarce mu, Allah ya sani ba raini ba ne, zuciya ce ta cika.

Ranka shi daɗe, ranar Alhamis da ta wuce da hantsi wani yaronmu da ko shekara 10 bai kai ba yana kiwon awaki a gefen gonar dawar ubansa, ba cikin filin yake ba, ba kuma gaban bakin bindiga yake ba, can gefe ne wurin da kowa ke wucewa da kaya a kai, sai ji aka yi ya ƙwala ihu ya faɗi. Matan da ke roron wake kusa da shi ne suka ruga, suka tarar jini ya jiƙe masa wando, ɗaya ta cire ɗankwalinta ta ɗaure cinyar, aka ɗora shi a mashin zuwa asibiti. Abin da aka ciro guntun harsashi ne da ya daki ƙarfe ya baje, gefensa duk kaifi, uban yaron ya ajiye shi a ƙullin leda kuma duk ranar da ka so gani za a kawo maka. Likita ya ce da ya ɗan matsa kaɗan ya taɓa babbar jijiya da ba a kai shi da rai ba. Akuya biyu uban ya sayar kafin a sallame su. Har yau, ranka shi daɗe, har yau babu wanda ya taka ƙofar gidan nan daga cikin masu atisayen ya ce sannu, abin da ya dawo kunnenmu kawai shi ne wai me ya kai yaron wurin. Me ya kai shi gonar ubansa? Wannan maganar ta fi raunin ciwo, wallahi ta fi.

Don kar a ce mun yi magana da ka, washegari dattawa suka ɗauki wani tsohon soja da ke zaune cikinmu da mai waldar unguwa suka je suka duba wurin. Abin da suka gani ya ishi kowa. Farantan ƙarfen da aka kawo da farko, waɗanda ake saitin harbi a kansu, duk sun yi ramuka, wani ya lanƙwashe ya yi ciki, wani ya tsage an like shi da walda, sarƙoƙin da ake rataye su sun tsinke an jingine su da duwatsu a ƙasa. Inda faranti ya ƙare sai aka cike gurbin da abin da aka samu wurin 'yan gwangwan, ga ƙofar tsohuwar mota, ga rim ɗin taya, ga tsohon farantin garma, har da tukunyar gas da aka huhhuda. Tsohon sojan nan ya riƙe baki ya daɗe bai ce komai ba.

Bayanin da ya yi mana shi ne ƙarfen wanga aiki daban yake da ƙarfen ƙofa ko na gini, mai tauri ne ƙwarai, masu harkar suna ce masa AR500, kuma amfaninsa gaba ɗaya yana ga fuskarsa ta kasance sumul. In harsashi ya daki fuska mai sumul mai tauri sai ya tarwatse nan take, in kuma an rataye farantin yana lilo an ɗan sunkuyar da kansa ƙasa, ɓaraguzan su zube cikin yashi a gindinsa, shi ke nan. Amma da zarar fuska ta yi rami, to ramin nan shi ke juya harsashi, ya koma baya ko ya yi gefe ko ya yi sama, ko mai harbin bai san inda zai sauka ba. Ƙarfe mai laushi kuwa tun harbin farko yake yin rami. Mai walda ya ƙara da cewa likin da aka yi ma ɓarna ce a kan ɓarna, don zafin walda yana kashe taurin ƙarfen a wurin, kuma tudun likin da kawunan ƙusoshin da suka fito waje su ma suna karkatar da harsashi. Faranti in ya yi rami ba a gyara shi, ajiye shi ake yi a kawo sabo. Sun kuma auna da ƙafa daga inda kwanson harsashi ya fi taruwa zuwa inda ƙarafan suke, tazarar ba ta kai ko rabin mita 100 da aka san ana bari ba in da babbar bindiga za a harbi ƙarfe. Ga ƙasan wurin marmara ce da tsakuwa, ita ma tana sa harsashi tsalle. Tudun ƙasar da aka tara a baya don ya tare abin da ya kuskure, ruwan damina ya cinye shi, wani wurin ko gwiwa bai kai ba, alhali harsashin bindigar AK yana iya tafiyar sama da kilomita 2 in bai samu abin da ya tare shi ba, kuma bayan tudun nan akwai gonaki, akwai burtali, akwai hanyar kasuwa.

Ba yau aka fara ba. An taɓa tsintar harsashi ya huda kwanon wani gida ya faɗa kan gado, an taɓa samun saniya da rauni a kafaɗa, rani ya taɓa yi tartsatsin harbi ya kama busasshiyar ciyawa wuta ta ci karan mutane da harawar da suka tara. Mun je wurin Mai Gari ya yi iya ƙoƙarinsa, mun aika dattawa, mun rubuta, mun yi magana da shugaban masu atisayen ya ce in sha Allahu za a duba, an canza shi wani ya zo muka sake daga farko, shi ma in sha Allahu. Mun gaji da jin za a duba, Allah ya huci zuciyarka.

Sai maganar ƙazantar wurin, wadda ita ce ke hana iyaye mata barci. Duk ranar da aka tashi atisaye haka ake barin filin, ledojin fiyawata, robobin lemo, kwalayen sigari, fasassun kwalabe da aka jera aka harba don nishaɗi, ga bahaya a gindin itatuwa. Dabbobi su ci leda cikinsu ya kumbura, yara su taka kwalba. Wannan duk da sauƙi. Babbar masifar ita ce motocinsu na juya baya yara za su dira wurin da gwangwanaye suna tsince-tsince, kwanso daban, kawunan harsashi daban, suna tonon tudun nan da hannu don an gaya musu 'yan gwangwan na saye da kilo. Da idonmu mun ga yara sun ɗora gwangwanin tumatir a kan murhun uwarsu suna narka abin da suka tono, sun sunkuya a kai hayaƙi na dukan fuskarsu, ƙaramarsu na zaune gefe da ƙullin ƙuli-ƙuli a hannu tana ci. Abin da suke narkawa dalma ce, ranka shi daɗe. Cikin harsashi akwai dalma, in ya daki ƙarfe ya tarwatse garin dalma ne ke zuba a ƙasa, iska ta kwasa, ruwan sama ya wanke shi zuwa tafkin da shanunmu ke sha mata ke wanki.

Kai ba sai an ba ka labarin dalma ba, da kai aka yi jana'iza. A 2010 yara sama da 400 gubar dalma ta kashe a ƙasar Anka da Bukkuyum, a ƙauyukan Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza, 'Yargalma, Tungar Guru, daga baya aka gano Bagega ita ma tana ciki. Yaro ya fara amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai a ce iska ce ko zazzaɓi, kafin a gane an rufe shi. Waɗanda suka rayu wasu har yau ba su dawo daidai ba. Mun ga likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna ɗibar jinin yara suna ba su magani wata da watanni, mun ga yadda aka riƙa kankare ƙasar tsakar gidaje ana kwashewa ana binnewa ana zuba sabuwa, Bagega sai 2013 aka yi nata aikin bayan dogon jira. Mun sani waccan daga dutsen zinare ta fito da ake niƙawa a cikin gida, kuma ba mu ce wannan ta kai waccan yawa ba, amma gubar ɗaya ce, kuma likitoci sun sha gaya mana cewa dalma ko kaɗan ce a jinin yaro tana taɓa ƙwaƙwalwarsa. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Wata tsohuwa da ta rasa jikoki a wancan lokaci ta miƙe a taronmu ta ce, "Ɗiyanmu da munka rufe ba su isa ba, sai an ƙaro muna wata?" Babu wanda ya iya ba ta amsa.

Kuma ba dalma kaɗai ba, ana barin harsashi mai rai a cikin yashi, wanda ya faɗi ko ya ƙi tashi aka yar. Yaro bai san bambanci ba, zai sa a aljihu, zai iya jefa shi a wuta.

Muna so a fahimce mu da kyau, Allah ya taimake ka. Mu ba mu adawa da atisaye. Mu da muke kwana da ido ɗaya saboda ɓarayin daji, mu da aka kora daga gonakin nesa, ai mun fi kowa son wanda zai kare mu ya iya harbi, kullum addu'a muke musu, ɗiyanmu ne wasunsu. Amma a ƙasar da ƙarar bindiga ke nufin a kwashi yara a gudu, bai kamata a wayi gari kawai a ji ruwan harbi babu sanarwa ba. Sau nawa mata suka watse daga rijiya suka bar bokitai, sau nawa makaranta ta tashi, akwai mai juna biyu da ta faɗi garin gudu. Ranar da ɓarayin gaske za su zo kuma, Allah ya kiyaye, mutane za su ce atisaye ne su zauna.

Don haka muke roƙonka, don girman Allah da darajar iyayenka, ka sa baki a dakatar da harbi a filin nan har sai an gyara shi, musamman yanzu da kaka ta yi kowa na gona. A kwashe ƙarafan nan masu ramuka da tarkacen gwangwan gaba ɗaya, kar a bar ko ɗaya, kuma kar a sayar wa 'yan gwangwan na gari su dawo hannun yara. In za a kawo sababbi a kawo na ainihi, a rataye su yadda ya dace, a zuba yashi a gindinsu, a samu mutum ɗaya da aikinsa ne ya duba fuskar kowane faranti kafin a fara da bayan an gama, wanda ya yi rami a cire shi ranar. In babu kuɗin wannan to a koma harbin kwali da takarda a gaban buhunan yashi, ai ba dole sai ƙarfe ba. A sake tada tudun nan ya fi tsayin mutum sosai, a riƙa gyara shi bayan kowace damina, matasanmu sun ce in aka kawo tifa da ƙasa su za su yi aikin kyauta. A kewaye wurin da waya, a sa jan tuta ranar harbi, a gaya wa Mai Gari tun jajibiri don mai shela ya zagaya limamai su faɗa a masallaci. Kuma kafin su tafi su tsince kwansonsu da harsashinsu da ledojinsu, su ƙirga abin da suka zo da shi, su haƙa masai, a daina harbin kwalba.

Ƙasar gindin ƙarafan da ta tudun kuwa muna roƙon a turo ma'aikatan lafiya da na muhalli su auna ta, su auna ruwan tafkin, a ɗebi jinin yaran da ke zuwa tsince-tsince a duba, mun san su gida-gida za mu kawo su. Masu kwashe ƙasar su jiƙa ta tukuna su rufe hanci, kar a sa yara ko almajirai. Muna kuma roƙon ka kira masu sayen gwangwan ka ja musu kunne su daina karɓar kwanso da dalma daga hannun yara, don muddin ana saye yara ba za su daina zuwa ba ko an yi musu bulala. In duk wannan ya gagara, ranka shi daɗe, a ɗauke filin a kai shi gindin dutse nesa da gonaki, gari ya riga ya iso wurin, ba kamar lokacin da aka yanke shi ba.

Sai yaron nan. A biya uban abin da ya kashe, a mayar masa da awakinsa, kuma wani babba daga cikinsu ya zo har gida ya duba shi ya janye maganar nan ta me ya kai shi. Matasa ransu ya ɓaci ƙwarai, mu dattawa muke ta danne su muna cewa a jira Uban Ƙasa, kuma mun yi musu alkawarin za ka ji. Muna roƙon ka taka da kanka ko ka turo wakili ya ga filin kafin a je a share shi, ka kuma isar da kukanmu gaban Mai Martaba da shugaban ƙaramar hukuma. An ce mana akwai wani atisayen a mako mai zuwa, don Allah kar a yi shi a kan ƙarafan nan.

Allah ya ja zamaninka, ya ba mu lafiya da zaman lafiya a Zamfara baki ɗaya.

Talakawanka masu biyayya,
dattawan unguwannin bayan gari, limamai, ardon rugage, wakilan mata da na matasa.
Sa hannu da dangwalen yatsa suna a takardar da ke haɗe.