Likita, madarar gwangwani na sa ɗana amai, ya zan yi?

Assalamu alaikum Likita, da fatan kina lafiya, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a taimaka min da shawara.

Ɗana ɗan wata 7 ne, nono zalla ya sha har wata 6, amma tun yana jariri nakan ga majina-majina a kashinsa wani lokacin har da ɗan zaren jini, shi kuwa yana ta wasansa ba zazzaɓi. Abin ya ɓaci ne da na fara haɗa masa da madarar gwangwani saboda zan koma aiki. Ba nan take yake amai ba, sai bayan kaman awa 2 ko 3 da sha ya dinga kwara amai ba ƙaƙƙautawa har jikinsa ya saki ya ɗashe, ido a lumshe ko kuka baya iya yi, daga baya gudawa ta biyo. Wallahi akwai ranar da sai da aka sa masa ruwa a asibiti.

An yi gwajin jini na alaji bai nuna komai ba, ba ƙuraje ba kumburin leɓe. Likitan yara yace hakan baya nufin babu, akwai wadda a hanji kawai take kuma gwajin jini baya kama ta, furotin ɗin madarar shanu ne jikinsa baya karɓa. Yace in daina bashi, nima in bar madara da yogot da cuku na sati 2 zuwa 4 tunda yana bi ta nono. Alhamdulillah jinin ya ɗauke.

To yanzu kowa da abinda yake faɗa min. Wata tace madarar akuya, amma naji furotin ɗinta kusan ɗaya ne da na shanu. Wata tace in sayi mara laktos, ni kuma a fahimtata laktos sukari ne, ba shi bane matsalar. Ta waken suya ma ance wasu yaran tana tayar musu.

Likita wace zan bashi idan ina wurin aiki? Wannan ta musamman da aka farfasa furotin ɗinta tana ƙosar da yaro kuwa? Sannan tsoro ya hana ni fara masa ƙwai ko alkama, gashi bana so ya rame, ɗaya bayan ɗaya zan dinga gwadawa ko a asibiti ya kamata? Ni kuma da na bar madara ina shayarwa, sai na sha ƙwayar kalsiyam? Kuma da gaske ne yawancin yara suna rabuwa da wannan alajin in sun girma?

Nagode, daga wata uwa.