Barka da Sallah daga Faris

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanku da Sallah, Allah ya karɓi layyarmu, ya maimaita mana. Ina fata kuɗin rago sun iso hannun Yaya Hamadu da wuri, kafin dillalai su ɗaga kai. Mu nan namanmu a leda yake zuwa. Doka ta hana yanka a gida, sai a mahautar da hukuma ta yarda da ita, ka biya tun kafin Sallah, ranar ka je ka karɓo.

Baba, Yaya ya faɗa mini ana shawarar yanke ɓangaren gabas na gidanmu, wajen darbejiyar nan, a sayar a haɗa wa Sani kuɗin tahowa. Don Allah ku dakata ku ji yadda muke kwana tukuna.

Ɗakina murabba'in mita 12 ne, a hawa na shida, kuma da ƙafa ake hawa. Asalinsa ɗakin 'yan aikin masu kuɗin da ne, can ƙarƙashin rufi. Gado, risho da wurin wanke kwano duk a ciki suke, in zan yi sallah sai na tura kujera bakin ƙofa. Banɗaki kuwa ɗaya ne a lungu, ni da maƙwabta. Yuro 600 nake biya duk wata, wato kusan sefa dubu 400, tunda yuro ɗaya sefa 656 ne. Inna, ki lissafa buhun masara nawa ke nan a kasuwar Garwa. Kuma ni ina cikin masu sa'a, don tun 2002 doka ta ce kada ɗakin haya ya gaza mita 9, akwai waɗanda ke cikin taran cif. Kafin a ba ka makulli ma, yawancin masu gida sai sun ga takardar albashin da ya ninka hayar sau uku, ga wanda zai tsaya maka. Sabon zuwa ina zai samo waɗannan? A ƙasa zai kwana wajen wani.

Saye kuwa ba a magana. A 'yan shekarun nan mita ɗaya a cikin Faris tana kaiwa wajen yuro 10,000, sefa miliyan shida da rabi ke nan, wurin da bai fi na shimfiɗa darduma ba. Akwai gidaje masu arha a ƙauyukan Faransa, har da lambu, amma aiki ba ya can.

Ba raina ni'ima nake ba. Ruwa da wuta ba sa yankewa, albashi kuma ya fi na gida nesa ba kusa ba. Sai dai haya ce take fara cin rabonta kafin kowa. Filin gidanmu na Yelwa kuma, in aka sayar, da wuya kuɗin da Sani zai tara a nan su dawo da shi.

Shawarata, ya ƙarasa karatunsa a jami'ar Ngaoundéré, ni zan ɗauki nauyin rajista. Bayan damina zan turo kuɗin siminti a tayar da ɗakuna biyu a wajen, ko haya aka sa sun rage wani abu.

A gaida Goggo da su Hajara. Goron Sallar yara yana wajen Yaya, kada ya ce ya manta. Wanda ya je kallon hawan Lamiɗo ya turo mini hoto.

Ɗanku,
Ibrahima